Tuwon Ƙasar da Na Tuƙa wa Ɗanjuma

Duk wanda ya tare ni ya ce, "Ashe ke ce ɗiyar Malam Bitrus mai waƙar Tuwon Ƙasa?" sai in ji kamar in kwaɗe shi da abin da ke hannuna. E, ni ce. Ni ce Esta, ni ce yayar da ke cikin waƙar. Sai su hau yabo, wai waƙar ta nuna yadda zuciyar yaro take fara sol, ba ta san damuwa ba. Ba ta san damuwa ba! Wa ya gaya muku? Kun taɓa tambayar yaron? To yau ku zauna ku ji daga bakin wadda ta tuƙa tuwon.

Shekarar tamanin da biyar ce, ina da shekara tara, muna zaune a Gamkalley, bakin kogi. Daminar da ta wuce ba ta yi ba, sojoji ke riƙe da ƙasa, kowa yana auna maganarsa kafin ya fitar. Babana mai bishara ne a wata 'yar majami'a mai rufin kwano, yana kuma da garka a saman gaɓa inda yake shuka salati da yakuwa. Asalinmu wajen Dogon Dutse ne. Da fari ya cinye ƙauyenmu, dangi suka dinga sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, da ƙunshin tsummokara, yau biyu, gobe huɗu, har gidanmu mai ɗaki biyu ya koma tasha. Baba ba ya korar kowa. Cewa yake wanda ya kori baƙo ya kori Almasihu. To, madalla. Amma tukunyar Inna ba ta ƙara girma ba don an yi mata wa'azi.

Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma, tuwon jar dawar taimako da sojoji ke rabawa a filin kartiye, wato unguwarmu. Maza baƙi su fara, sai mata, sai mu yara a ƙarshe, hannu goma sha ɗaya a kwano guda. Ƙanena Ɗanjuma shekararsa uku, kuma shi yaro ne mai sanyin hannu, kafin ya hura loma ɗaya an suɗe kwanon. Ina ɓoye masa rabin nawa a tafin hannu, amma rabin ba komai ai ba komai ne.

Kafin in ci gaba sai na faɗa muku wani abu, don yaran yanzu ba su san shi ba. Ni ce 'yar fari. A wurinmu uwa da uba suna jin kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa zama su yi hira da shi. Shiga addinin Kirista bai cire wa iyayena wannan ba, ko kaɗan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin "Esta" daga bakin Baba ba. Kafin a haifi Ɗanjuma "waccan" nake, ko "ɗiyar nan". Da aka haife shi na sami ƙarin girma, na koma "yayar Ɗanjuma". Ko muna tsaye gaba da gaba, sai Baba ya dubi bango ya ce, "A ce wa yayar Ɗanjuma ta kawo ruwa." Wa zai ce? Bangon? Sai in je in kawo. Na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, amma Allah na gani ina sha'awar in ji yadda sunana zai fita daga wannan bakin.

Da bazara ta kama, Ɗanjuma ya fara wani irin kuka. Ba ihu ba, ƙarfin ihu ya ƙare masa. Wani siririn kuka ne da yake farawa tun da hantsi, ba ya tsayawa sai an sauke tukunya. Inna tana jin nauyin baƙi, sai ta ce, "Yayar Ɗanjuma ta fita da shi, mutane na hutawa." In goya shi in gangara kogi.

Kogin kuwa ya tafi. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Inda jiragen ruwa ke wucewa ya zama fili, laka ta tsattsage, yara na buga ƙwallo a tsakiya, mutane na takawa da ƙafa zuwa ɗaya gaɓar.

A cikin baƙinmu akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, da tsohon ciki. Kullum ina ganinta tana ɓantarar wani farin abu daga bakin zanenta tana tsotsa. Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Ta ce, "Farar ƙasa ce, 'yar nema."

"Ƙasa ake ci?"

"Mai ciki na ci. Tana kwantar da rai, tana tare ciki."

Shi ke nan fa. Tana tare ciki. Na ɗauki maganar nan na adana. Ku da kuke cewa yaro bai san komai ba, ni na zauna na yi tunani tsaf kamar babba: in babbar mace mai ɗa a ciki tana cin ƙasa ba ta mutu ba, to ƙasa abinci ce, mutane ne kawai suke raina ta.

Washegari na sami gwangwanin tumatir, na saci gishiri ɗan kaɗan a ƙullin Inna. A tsakiyar kogi na ɗaga ɓawon lakar da ya bushe, na ɗebo mai laushi ta ƙarƙashi, na tace ta da kallabina don kada tsakuwa ta shiga. Na zuba ruwa, na barbaɗa gishiri, na sami kara na hau tuƙi. Ina tuƙi ina kwaikwayon Inna, ina murguɗa ƙugu ina mita, "Wannan dawa ba ta da albarka, wannan itace ɗanye ne." Ɗanjuma ya daina kuka ya ƙyalƙyale da dariya. Na mulmula 'yar loma na miƙa masa. Yara duka suna tuwon ƙasa, kowa ya san yadda ake yi, ka kai kusa da baki ka ce "am" ka yar. Ni na ce masa, "Haɗiye."

Ya haɗiye. Ya yamutsa fuska, ya lashi gishirin a leɓensa, ya ce, "Yaya, ƙara."

Ran nan bai yi kuka ba har yamma. Inna ta dubi tukunya ta ce, "Oh, wasu dai Allah Ya ba su hannun rarrashi." Yabo ke nan a bakin Inna, kuma na ji daɗinsa har cikin raina. Na ci gaba, kullum, kusan mako uku.

Garkar Baba tana sama da inda muke zama. Yana jan guga a rijiyar da ya haƙa, wani lokaci sai in ga ya tsaya, igiya a hannu, yana hango mu. Ba zai sauko ba, ai 'yar fari ce a wurin. Ni kuma in na ga ya tsaya sai in juya masa baya in tare Ɗanjuma da jikina kafin in sa masa lomar. Kun ji ko? Na juya baya. Wanda bai san yana yin laifi ba ba ya juya baya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ban musa ba, amma daga saman gaɓa dariya kawai ake hangowa.

Cikin Ɗanjuma ya kumbura ya yi tauri. Ana cikin haka dussa, wadda wasu ke kira ƙyanda, ta shigo kartiye ta bi gida gida. Ta kama yara biyar a gidanmu, huɗu suka tashi. Aka kai Ɗanjuma dispansar, aka dawo da shi, ya kwana shida, ranar Talata da safe ya cika a kan zanen Inna. Ba a je da ni maƙabarta ba, wai ni yarinya ce, ban san mutuwa ba. Aka bar ni da wanke kwanoni.

Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya. Na san abin da dussa ke yi wa yaron da yunwa ta riga ta cinye, na ga ɗaruruwa. Na taɓa tambayar wani lokotoro, wato likita, ina yi kamar labarin wata ce, ya ce mai yiwuwa da ƙasar da babu ƙasar yaron zai tafi. Mai yiwuwa! To a je a gaya wa 'yar shekara tara "mai yiwuwa". Ni a lokacin abu ɗaya na sani, na kashe ƙanena da hannuna, kuma dole in faɗa wa Baba, don shi ne ke tsayawa gaban jama'a duk Lahadi yana cewa laifin da aka ɓoye ruɓewa yake a ciki.

Ruwa ya sauka bayan mako biyar. Damina ta yi kyau, kogi ya dawo, baƙi suka fara komawa gida. Baba kuwa ya zama wani iri. Yana wa'azi, yana ban ruwa, amma ba ya cin abinci sai Inna ta tsaya a kansa. Ni kuma na rasa suna gaba ɗaya. Ba zai iya cewa "yayar Ɗanjuma" ba, bakinsa ba ya ɗauka. In yana son wani abu sai ya yi gyaran murya, in taso. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa da maganata a baki, sau uku ina komawa. Ta ina za ki fara da mutumin da bai taɓa duban idonki ba?

Wajen watan Nuwamba sai ga Sumana, shugaban samariyar kartiyenmu, wani Bazabarme mai faɗin murya, ya zo da la'asar. Ya ce za a yi gasar waƙoƙi ta yara a watan gobe, manya za su zo, kuma ya ji Malam na rubuta waƙoƙin majami'a.

Ya rage murya ya ce, "Amma Malam, ka san zamanin. Ba ma son ta koke-koke. Wadda za ta sanyaya zuciya muke so."

Baba ya ce, "Ina da ita. Na riga na rubuta."

Ranar Lahadi bayan sujada ya fito da kaye, littafin rubutunsa mai shuɗin bango, ya tara 'yan gidan a gindin darbejiya, ya karanta. Baiti goma sha biyu ne, amma waɗannan su ne kowa ya riƙe:

Kogi ya janye ya yi nisa,
Manya suna ta duban bisa,
Yara biyu sun sami filin wasa,
Yaya tana tuƙa tuwon ƙasa.

Ƙane ya miƙa hannu ya amsa,
Ya yi kamar ci, dariya tasa
Ta kai har inda nake daga nesa.
Zuciyar yaro ba ta san fari ba,
Ya Ubangiji, ba mu irin tasa.

Gwaggo Tabawa, da jaririnta a baya, ta rushe da kuka. Kowa ya yi. Amma Baba, karo na farko tun ranar Talatar nan, fuskarsa ta saki. Ya rufe kayen, ya dubi reshen darbejiya ya ce, "A ce wa mai tuƙin ta haddace. Ita za ta faɗa."

Wayyo Allah. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma na sami Inna ita kaɗai a bakin murhu. Ita ma kunyar tawa take ji, har ta fi Baba, amma mace da ɗiyarta ko ba a dubi juna ba ana iya magana a kan tukunya. Na durƙusa ina tura kara a wuta na ce, "Inna, waƙar nan ƙarya ce. Ba kamar ci ya yi ba. Ci ya yi. Ni na ba shi, kullum, da gishirinki."

Muciya ba ta tsaya a hannunta ba. Ta tuƙa, ta tuƙa, sannan ta ce wa tukunyar, "Wa ke wanke masa gindi? Ana tsammani ban da ido?"

"Kin sani?"

"Ranar da na gani an riga an makara. Kuma wa ya ce a fita da shi don kada baƙi su ji kukansa? Ba ni ba ce?" Ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. "Mutumin nan wata biyar bai gama kwanonsa ba sai yau. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A haddace waƙa, a rufe baki."

Ban ce na yarda ba. Taurin kai gare ni tun ina ƙarama, ku tambayi waɗanda suka yi aiki da ni. Na ce a raina, zan haddace, zan faɗa a gaban mutane tunda an sa ni, amma ranar, in an gama, sai na gaya masa, ko zai kore ni daga gidan.

Koyon ma abin dariya ne, in da mai dariya. Kullum na dawo daga lakwal, wato makaranta, sai in tsaya a tsakar gida, Baba a kan kujera taku uku daga inda nake, Gwaggo Tabawa a tsakani tana ba da nono. In na faɗi baiti sai ya ce, "Tabawa, a gaya mata ta ɗaga murya." Gwaggo ta ce, "Esta, wai ki ɗaga murya." In ɗaga. "A gaya mata wurin dariyar nan ta saki fuska, ba jana'iza ba ce." Gwaggo ta gaji ta ce, "Haba Yaya Bitrus, ga ka ga ta, ni na zama tarho?" Ya yi kamar bai ji ba. Duk da haka, mako huɗun nan su ne mafi tsawon lokacin da na taɓa zama kusa da babana.

Ranar gasa aka kafa rumfa a filin samariya. Ganguna, 'yan mata da anko, kujerun ƙarfe a gaba, wani babban soja da baƙin tabarau a tsakiya yana kaɗa sanda a gwiwa. Yara suka yi ta fitowa, mai waƙar tuta, mai waƙar noman rani, mai waƙar dashen itace. Aka kira ni. Inna ta ɗaura mini kallabi, wannan dai da nake tace laka da shi, don ba ni da wani.

Na fara lafiya lau. Da na kai wurin da ƙane ya miƙa hannu sai muryata ta maƙale. Na buɗe baki, babu. Ina ganin leɓensa da gishiri, ina jin "Yaya, ƙara." Fili ya yi tsit. Wata mata ta ce, "Allah sarki, ƙanenta ta tuna." Na hango Baba a tsaye can gefe, hula a hannu, leɓensa na motsi yana faɗa mini baitin ba da sauti ba, kuma idonsa a kaina yake, kai tsaye, a gaban duk Gamkalley. Sai na haɗiye, na ce, "Ya yi kamar ci," na saki fuska kamar yadda aka koya mini, na kai ƙarshe.

Aka yi guɗa. Sojan nan ya cire tabarau ya goge. Muka zo na biyu, aka ba mu rabin buhun shinkafa. Shinkafa fa! Wata shida da binne yaron da ko cokali biyu a rana da sun ishe shi. Mutane na taya mu murna, ni ina duban buhun kamar in sa masa wuta.

Baba ya ɗaure buhun a bayan kekensa yana turawa, muka biyo hanyar bakin kogi, rana ta yi sanyi. Inna da Gwaggo suka tsaya gaisawa da wasu mata. Na ga dama ta samu. Na ruga na cim masa daidai garkarsa, na ce, "Baba."

Ya tsaya. Bai juyo ba, kogin yake kallo, ruwa ya cika shi maƙil, inda muke zama ya nutse.

Ya ce, "Nan nake tsayawa in hango ku." Da ni yake, ba da bango ba, ba da Gwaggo ba. "Ni na cika gidan nan da baki ashirin. Ni na ce baƙo ya fara ci. Bayan an binne shi na ce wa Ubangiji, na kashe ɗana da yunwa don a ce mini mutumin kirki. Na so in ajiye bisharar, na so abin da ya fi haka muni. Abu ɗaya ya riƙe ni. Na ce a'a, yaron da yunwa ke kashewa ba ya irin wannan dariya, na gani da idona, kullum. Da ban ga wannan ba, da ban kai yau ba."

Ya juyo. Ya dube ni.

"Esta."

Ashe haka yake faɗarsa, a hankali, yana jan farkon. Shekara tara ina jira. Na ce, "Na'am, Baba."

"Na gode, Esta. Kin ba ƙanenki wasa har ƙarshe." Ya gyara riƙon keken, kunyar ta fara dawo masa, idonsa ya koma kan sirdi. "Kin kira ni. Magana gare ki?"

Tana nan a bakina, duka, na shirya ta tun mako huɗu, na san kalmar farko da ta ƙarshe. Na dubi mutumin nan da ya fara cin abinci. Sai idona ya sauka kan buhun, wayar keke ta ɗan huda shi a kusurwa, ƙwayoyi na zuba ɗaya-ɗaya a kan hanya.

Na ce, "Buhun ne ya huje, Baba. Shinkafa na zuba."

Ya ce, "Kai, a'a!" Ya jingine keken, muka durƙusa tare muna tsinta. Ya yi shekara ashirin da shida bayan wannan ranar, bai sake kiran sunana ba, ni ma ban sake zuwa bakin ƙofarsa da magana ba. Na tara 'yan ƙwayoyi a tafin hannu zan zuba a hularsa, sai ya tare hannuna.

Ya ce, "Hure su da kyau tukuna. Kada yara su ci da ƙasa."

Na hure.